Kennedy, Houston ko Washington: ina ya fi dacewa ka je ganin kumbo?

Wanda ya samu bizar Amurka kuma yake son ya ga kumbo da idonsa, sunaye uku zai fi ji: cibiyar Kennedy a jihar Florida, cibiyar Houston a jihar Texas, da gidan tarihin jirage da sararin samaniya na Smithsonian a birnin Washington. A hoto duk kamarsu ɗaya, roka ce a kwance da rigar ɗan sama jannati a cikin gilashi. A ƙasa kuwa kowanne da abin da yake nunawa. Kennedy wurin harbawa ne, Houston wurin horo da kula da tafiya, Washington kuma ma'ajiya ce ta ainihin kayan da suka je suka dawo. Tsakaninsu akwai nisa, daga Washington zuwa Orlando, birnin da ke kusa da Kennedy, ko daga Orlando zuwa Houston tafiyar sama da awa biyu ce a jirgi, don haka mafi yawan masu ziyara ɗaya za su iya zaɓa. Zaɓin ba ya bin suna. Yana bin abu huɗu: ko kana da mota, nawa ka ware, shekarun yaran da kake tare da su, da kuma abin da kake son gani, girman inji ko tarihin da ke jikinsa.

Kennedy: inda ake harbawa

Cibiyar tana tsibirin Merritt, kimanin awa ɗaya a mota gabas da Orlando. Abu na farko da ya kamata ka sani shi ne babu jirgin ƙasa ko bas ɗin gari da zai sauke ka a ƙofa. Ko ka yi hayar mota, ko ka bi kamfanin yawon buɗe ido daga otal. Tasi ta manhaja za ta kai ka da safe ba wahala, amma samun wadda za ta dawo da kai da yamma ba tabbas, domin wurin daji ne, gandun namun daji ma ne, har kada ake gani a bakin kwalbati. Babbar hanyar da ta taso daga Orlando ana biyan kuɗin wucewa a kanta, saboda haka ka tambayi kamfanin hayar motar yadda suke cajin wannan kafin ka ɗauki makulli.

Shi ne mafi tsada cikin ukun. Tikitin babba ya haura dala 70, ga kuɗin ajiye mota daban. Dalili shi ne ɓangaren baƙi ba da kuɗin gwamnati yake tafiya ba, wani kamfani ne mai suna Delaware North yake gudanar da shi tun 1995, da kuɗin tikiti. Wannan ya sa tsarinsa ya ɗan yi kama da wuraren shaƙatawa na Orlando: fitilu, sauti, fina-finai kafin a buɗe maka ƙofa. Wasu na ganin hakan ya yi yawa. Amma ga wanda bai taɓa karanta tarihin kumbo ba, wannan shirin shi ne yake sa ya fahimci abin da yake kallo.

Abu biyu ne suka cancanci kuɗin. Na farko kumbon jigila Atlantis, irin kumbon nan mai fukafukai da ke zuwa ya dawo a sake amfani da shi, wanda ya je sararin samaniya sau 33, kuma shi ne ya yi tafiyar ƙarshe ta wannan shiri a Yulin 2011. Tun 2013 aka girke shi a karkace, ƙofofin ɗakin kayansa a buɗe, hannun ƙarfensa a miƙe, kamar yadda yake idan yana shawagi. Kana tsaye a bene kusa da shi har ka ga tabon ƙuna a jikin tayil ɗinsa, ba a wanke ba, ba a yi masa fenti ba. A ƙasan ginin akwai wani ɗaki shiru da aka ajiye ɓaraguzan kumbon jigila Challenger da ya tarwatse a 1986 da na Columbia da ya wargaje a 2003, tare da kayan mutum 14 da suka rasu. Akwai kuma na'urar kwaikwayon harbawa wadda take kishingiɗar da kai tana girgiza, sai dai yaron da tsayinsa bai kai kimanin santimita 112 ba ba a barinsa ya hau. Gara ka auna shi tun a gida da a yi kuka a bakin layi.

Na biyu shi ne zauren Saturn V, rokar da ta kai mutane duniyar wata. Tsawonta mita 111, an kwantar da ita a kan ginshiƙai, kana tafiya a ƙarƙashinta daga injuna biyar na gindi har zuwa tsininta. Kafin ka shiga ana zaunar da kai a gaban ainihin teburan ɗakin harbawa, a maimaita maka daƙiƙoƙin ƙarshe na tashin Apollo 8 a Disambar 1968, har tagogi su yi ta karkarwa. A nan ne kuma ƙoƙon kumbon Apollo 14 yake, wato ɗan ɗakin da 'yan sama jannati suka dawo duniya a cikinsa, da ɗan gutsuren dutsen wata da ake taɓawa.

Ga inda mutane suke tafka kuskure. Wannan zaure ba a harabar baƙi yake ba, yana can cikin cibiyar, kuma bas ɗinsu kaɗai ke kai mutum. Kuɗin bas yana cikin tikiti, amma bas na ƙarshe yana tashi sa'o'i kafin a rufe. Wanda ya iso da azahar, ya tsaya ɗaukar hoto a lambun rokoki, ya ci abinci, sai ya tarar an rufe layi, ya koma gida bai ga rabin abin da ya biya ba. Tsarin da ya fi aiki shi ne ka iso kafin buɗe ƙofa da ƙarfe 9, ka zaɓi ɗaya cikin manyan biyun ka nufe shi kai tsaye. Zagayen bas da zauren Saturn V yana cin awa biyu da rabi zuwa uku, Atlantis awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Abin da ya rage na yini ka ba zauren Gateway, wanda aka buɗe a 2022, inda ake ganin kayan wannan zamani kamar gindin rokar Falcon da ya tashi ya dawo da baƙin hayaƙi a jikinsa. A hanyar bas za ka wuce ta gefen ginin haɗa roka, mai tsayin mita 160, sai dai daga waje kawai. Yini guda yana isa idan an tsara shi. Mai ƙananan yara kuwa tikitin kwana biyu ya fi masa, domin ƙarin kuɗinsa bai kai na tikiti na biyu ba.

Ana barin shiga da abinci a ƙaramar jakar sanyaya mai laushi, ban da kwalabe. Ga wanda ke kiyaye abin da yake ci, wannan ya fi sauƙi da tsayawa tambayar abin da ke cikin kowane burodi.

Maganar ganin an harba roka

Wannan shi ne abin da Kennedy ke da shi wanda sauran ba su da shi, kuma shi ne ya fi jawo ɓacin rai. A 2024 an harba roka sama da 90 daga wannan gaɓar teku, mafi yawansu na kamfanin SpaceX, wato kusan biyu a mako. Wanda zai yi mako guda a yankin yana da kyakkyawar damar ganin ɗaya. Amma sayen tikitin jirgi saboda wata harbawa takamaimai caca ce. Ana ɗagewa saboda gajimare mai ɗauke da tsawa, ko iska mai ƙarfi a can sama wadda ba ka jinta a ƙasa, ko yoyon mai, ko wani jirgin ruwa da ya kutsa yankin da aka hana shiga. Tsananin dokar tsawa yana da asali: a 1969 tsawa ta faɗa wa Apollo 12 sau biyu cikin minti na farko da tashinsa. Rokar Artemis I an tara mata jama'a a ƙarshen Agustan 2022, aka ɗage, aka sake ɗagewa a farkon Satumba saboda yoyon iskar haidurojin, ba ta tashi ba sai 16 ga Nuwamba. Wanda ya zo don ita a Agusta ya koma da hoton dandali kawai.

Idan lokacin harbawa ya faɗo cikin sa'o'in aiki, sau da yawa tikitin shiga ya isa ka kalla, ko daga harabar baƙi ko daga kujerun da ke gefen zauren Saturn V. Manyan harbawa kuwa, irin masu ɗauke da mutane, ana sayar musu da tikiti na musamman, kuma ka karanta sharaɗin ɗagewa kafin ka biya, domin ba kowane lokaci ake mayar da kuɗi ba. Daga harabar baƙi bishiyoyi suna tare dandalin, sai roka ta ɗan yi sama kake ganinta. Harbawar dare ko ta asuba ba sai ka shiga cibiyar ba: bakin ruwa a garin Titusville kyauta ne, kuma ana gani sarai. Kada ka yi mamaki idan ka ga wuta ta tashi shiru. Sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa, don haka daga nisan kilomita 15 sai bayan daƙiƙa 40 da wani abu rugugin zai iso ƙirjinka. Da yawa suna kashe bidiyo kafin lokacin.

Lokacin guguwar teku a Florida daga Yuni ne zuwa ƙarshen Nuwamba, kuma a watannin zafi kusan kullum hadari yana haɗuwa da la'asar. Daga Disamba zuwa Afrilu ya fi daɗin yawo.

Houston: inda ake horo da ba da umarni

Cibiyar baƙi ta Houston, wadda aka buɗe a 1992, tana jikin cibiyar Johnson ta NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, kimanin kilomita 40 kudu maso gabas da tsakiyar birni. Nan ma mota ake buƙata. Tikitinta ya yi kusan rabin na Kennedy, kuma farashin yana hawa da sauka gwargwadon rana, saye ta intanet tun da wuri ya fi araha.

A nan ba a harba komai. Abin da Houston ke da shi shi ne mutane da aikinsu. Daga nan ake magana da 'yan sama jannati tun tsakiyar shekarun 1960, a nan suke zaune, a nan ake horar da su, a nan kuma aka adana mafi yawan kilo 382 na duwatsu da ƙasar wata da tafiye-tafiyen Apollo suka kawo. Zuciyar ziyarar ita ce hawa motar nan mai jan taragai a buɗe zuwa cikin harabar NASA, kuma hanyoyinta daban-daban ne, kowace da layinta.

Mafi daraja ita ce ta tsohon ɗakin kula da tafiya, inda aka bi saukar Apollo 11, wadda ta fara kai mutane kan duniyar wata. An gyara shi a 2019 aka mayar da shi yadda yake a Yulin 1969, har da kofunan kofi, da tokar taba, da takardu a kan tebur. Ana zaunar da kai a ɗakin 'yan kallo bayan gilashi, allunan su kunnu, ka ji muryoyin ranar. Wannan hanya tana da ƙarin kuɗi, kujerunta kaɗan ne, kuma suna ƙarewa kwanaki kafin ranar. Wanda ya bari sai ya iso ƙofa da wuya ya samu. Ana kuma hawa matakala sama da 80, don haka idan kana tare da dattijo ko mai ciwon gwiwa ka sanar da ma'aikata tun wajen yin rajista. Yaro ɗan shekara shida ba zai ga komai a nan ba sai tsofaffin tebura. Wanda ya san labarin kuwa, wannan ɗaki kaɗai ya biya masa tafiyar.

Hanya ta biyu tana kai ka zauren horo, inda daga wani baranda mai gilashi kake leƙa samfuran sassan tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa masu cikakken girma. A ranakun aiki akan ga injiniyoyi suna kai da kawo, a ƙarshen mako kuwa zauren shiru yake. Idan wannan ne ya kawo ka, ka zo tsakanin Litinin da Juma'a. Ta uku tana zuwa wurin Saturn V ta Houston. Masana sun fi girmama wannan a kan ta Florida, domin dukkan sassanta an ƙera su ne don su tashi, ta Kennedy kuwa gindinta na gwaji ne. Sai dai an ajiye ta a wani dogon rumbu ba ado, bayan ta yi shekaru kusan 30 a waje rana da ruwa suna dukanta. Ta fi asali, ta Kennedy ta fi kyan gabatarwa.

A cikin babban ginin akwai ƙoƙon Apollo 17, kumbon Apollo na ƙarshe da ya kai mutane wata, a Disambar 1972, da Gemini 5, da Faith 7 na 1963, da samfurin horo na tashar Skylab wanda ake shiga cikinsa. A waje kuma ga jirgin Boeing 747 na ainihi wanda ya riƙa goya kumbon jigila, da kumbo a bayansa. A lura: jirgin na gaske ne, kumbon da ke kansa mai suna Independence kwaikwayo ne, bai taɓa tashi ba. Amfaninsa shi ne ana shiga ciki, ka ga ƙuncin wurin zama da na barci, abin da ba a yarda a yi da Atlantis ko Discovery na gidan Smithsonian ba.

Matsalar Houston ita ce sama. Motocin a buɗe suke, da an hango walƙiya ake tsayar da su, kuma idan aka tsayar, ziyararka ta koma ta gini guda wanda awa uku ta ishe shi. Zafinta daga Yuni zuwa Satumba mai gumi ne, irin na Legas ba irin na Sakkwato ba. Ka ɗauki hanyar safe. Abin da ke taimakon Houston shi ne tana cikin biranen Amurka da 'yan Najeriya suka fi yawa, ga masallatai da shagunan naman halal, saboda haka da yawa za su samu masauki da mai kai su. Idan kana da wannan, lissafin kuɗi ya riga ya karkata gare ta.

Washington: kyauta, kuma kayan na ainihi ne

Gidan tarihin Smithsonian gida biyu ne, kuma rashin sanin haka yana sa mutane su yi ta neman kumbon jigila a ginin da ba ya ciki.

Na farko yana tsakiyar birni, a filin da ke tsakanin majalisar dokoki da hasumiyar Washington. An buɗe shi a 1976. Jirgin ƙasa na cikin gari yana sauke ka a tashar L'Enfant Plaza, ka taka 'yan mintuna. Shiga kyauta ne, amma sai da takardar izini mai ɗauke da lokaci, wadda ake cirewa a shafinsu ba tare da biyan ko sisi ba. A lokacin hutu da bazara, sa'ad da makarantu ke kawo ɗalibai bas-bas, takardun suna ƙarewa makonni kafin ranar. Akan saki wasu kaɗan da safiyar kowace rana, amma wannan sa'a ce. A 2018 aka fara yi wa ginin gyara na gaba ɗaya, aka riƙa buɗe zaurukan kashi-kashi daga Oktoban 2022, don haka ka duba ko an baje abin da kake son gani.

A nan ne ƙoƙon kumbon Apollo 11 yake, wanda shi ma ake kira Columbia, wato ɗan ɓangaren da ya dawo duniya daga cikin waccan roka mai mita 111. Faɗin gindinsa bai kai mita huɗu ba, kuma a cikinsa mutum uku suka yi tafiyar kwana takwas, daga 16 zuwa 24 ga Yulin 1969. Kusa da shi ga rigar da Neil Armstrong ya taka wata da ita. A wani zauren ga jirgin 'yan'uwan Wright na 1903, na ainihi. Tsakanin wannan jirgi na katako da yadi da waccan riga shekara 66 ce kacal, kuma babu wani wuri a duniya da za ka ga su biyun cikin tafiyar minti biyar. Abin da babu shi ne girma. Ba Saturn V a nan, sai injinta. Cunkoso kuma ya fi na ko'ina, tunda kyauta ne.

Na biyu shi ne cibiyar Udvar-Hazy a jihar Virginia, dab da filin jirgin sama na Dulles, wadda aka buɗe a 2003. Rumfunan jirage ne manya-manya. Shiga kyauta, ba a buƙatar takardar lokaci, kuɗin ajiye mota kawai ake biya. Marar mota zai iya bin layin jirgin ƙasa mai zuwa Dulles sannan ya hau bas, amma ya ware fiye da awa ɗaya daga tsakiyar birni. Nan aka kawo Discovery a 2012, kumbon jigilar da ya fi kowanne tafiya, sau 39, wanda ya kai madubin hangen nesa na Hubble sama a 1990. Yana tsaye a kan tayoyinsa, ƙofofi a rufe, kamar yanzu ya sauka. Ba fim, ba kiɗa, kana zagaya shi a ƙasa ka ga yadda tafiya ta cinye jikinsa. Ban da shi akwai Concorde, da jirgin leƙen asiri SR-71, da Enola Gay wanda ya jefa bam a Hiroshima a 1945, da wani baranda da ake kallon masu gyaran tsofaffin jirage suna aiki. Sanatocin Texas sun matsa a mayar da Discovery Houston, har aka ware dala miliyan 85 a wata doka ta 2025 don ɗaukar kumbo zuwa can, saboda haka ka tabbatar da inda yake kafin ka tsara tafiya dominsa.

Wanda jirginsa zai tashi daga Dulles da dare, wannan wuri ya fi zaman jira a filin jirgi nesa ba kusa ba. Kada dai a yi ƙoƙarin haɗa gidajen biyu a yini guda, kowanne yana cin awa uku zuwa huɗu, kuma dukansu suna rufewa da ƙarfe 5:30. Akwai wani haɗari da ya keɓanta da Washington: idan majalisa ta kasa amincewa da kasafin kuɗi aka rufe ma'aikatun gwamnati, gidajen Smithsonian su ma ana rufe su, kamar yadda ya faru a 2013 da farkon 2019 da kuma 2025. An fi fuskantar wannan a farkon Oktoba, lokacin da sabuwar shekarar kuɗinsu take farawa.

To, wanne?

Iyali mai yara 'yan shekara bakwai zuwa sha biyar, da mota, da kuɗin da zai ɗauka, Kennedy za su je. Yaro ba ya jin nauyin kalmar "na ainihi", amma yana jin girman injin da ya fi ɗakinsu faɗi. Iyali mai mutum biyar su sa ran kashe abin da ya haura dala 350 a tikiti kaɗai, kafin mota da abinci.

Ɗalibi, ko wanda ya zo taro na kwana uku, ko duk wanda ba zai tuƙa mota a Amurka ba, Washington ce tasa, kuma ba don araha kawai ba. Ta wajen darajar kayan da ke ciki, ita ce kan gaba a ukun. Idan lokaci na gida ɗaya ne, mai son tarihin zuwa wata ya shiga na cikin gari, mai son injuna da sarari ya tafi Udvar-Hazy.

Houston ta fi dacewa da babba wanda ya riga ya san labarin, ko mai karatun injiniya da ke son ganin yadda ake gudanar da aiki, ko wanda dama can ya sauka. A ganina ba ta kai a tashi takanas daga wata jiha dominta ba, sai fa idan an riga an samu kujera a tsohon ɗakin kula. Ba tare da shi ba, Kennedy ta fi ta a kusan komai in ban da farashi.

Sauran wurare a taƙaice. Huntsville a jihar Alabama tana da Saturn V ta uku da ƙoƙon Apollo 16, kuma can ne sansanin horon yara da aka fara a 1982, amma garin ba a kan hanyar kowa yake ba. Kumbon jigila Enterprise da ke New York gwajin sauka kawai aka yi da shi, bai je sararin samaniya ba. Kumbon jigila Endeavour na Los Angeles an ɗauke shi daga idon jama'a a ƙarshen 2023 don a tsayar da shi a sabon gini, sai an duba ko an buɗe. Wanda hanyarsa ta Turai ce, gidan tarihin kimiyya na Landan kyauta ne kuma ƙoƙon Apollo 10 na ainihi yana hannunsu, Toulouse a Faransa tana da samfurin rokar Ariane 5 mai cikakken tsayi da na tashar Mir, Mosko kuma tana da gidan tarihin 'yan sama jannatin Rasha, inda aka adana karnukan nan Belka da Strelka da suka zagaya duniya a 1960 suka dawo da rai.

Duk wanda ka zaɓa, wajen sayen tikiti ka kula da yadda Amurkawa ke rubuta kwanan wata: wata suke fara sawa kafin rana, 04/07 a wurinsu 7 ga Afrilu ne, ba 4 ga Yuli ba. Lokutan da ke shafukansu na agogon can ne. Florida da Washington suna bayan agogon Najeriya da Nijar da awa biyar daga tsakiyar Maris zuwa farkon Nuwamba, awa shida a sauran watanni, Houston kuma ka ƙara awa ɗaya a kai. Ka sayi tikitin a shafin cibiyar kanta, ka adana hotonsa a waya tun kana da intanet, ka kuma bar wuƙar aljihu da manyan jakunkuna a masauki, domin a dukkan ƙofofin ana binciken kaya.